Yadda Ake Zaɓar Kyamarar Motsi da Ɗaura Ta a Mota Ba Tare da Asara Ba



Kwanakin baya na ɗora wani gajeren bidiyo da na ɗauka daga cikin mota, mun fito daga Gusau za mu Tsafe, muna wucewa ta gindin dutsen Kwatarkwashi da hantsi. Tambayar da ta fi zuwa mini ita ce: "Wace kyamara ce wannan, kuma nawa take?" Ko mutum ɗaya bai tambaye ni yadda na ɗaura ta ba, alhali a nan aikin yake. Kafin in samu wannan bidiyo na minti ɗaya da rabi sai da na yi asarar kyamara guda da memori guda, kuma duka biyun gangancina ne ya jawo. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu bi abin daki-daki: wace kyamara za ka saya, ina za ka ɗaura ta, da me za ka ɗaura ta, kuma a ina ne bai kamata ka kunna ta ba sam.

Mece ce kyamarar motsi?

Ita ce 'yar ƙaramar kyamarar nan mai kama da akwatin ashana, wadda 'yan kasuwa ke kira akshan kamara. An yi ta ne don a maƙala ta a jikin abin da ke motsi, kamar mota, babur, keke ko ƙirjin mahayin doki. Kamfanin GoPro na Amurka, wanda Nick Woodman ya kafa a 2002, shi ya yayata ta a duniya, har ta kai wasu na kiran kowace irinta GoPro. Daga baya kamfanonin Sin irin su DJI da Insta360 suka shigo da ƙarfi, sannan ga masu sauƙin kuɗi irin su Akaso da SJCAM.

Cikin waɗanda suka fi amfani da ita akwai masu zuwa ranar fili. A ƙasashen da ke da filayen tseren mota, akan ware ranakun da duk mai mota zai biya kuɗi ya shiga ya gwada motarsa. Fili ne killatacce, babu mai tahowa ta gaba, babu mai tsallaka titi, kuma akwai masu sa ido. Wanda ya fi shahara shi ne Nürburgring na Jamus, wanda zagayensa na arewa ya kai kusan kilomita 21. Akwai Silverstone a Ingila, akwai Kyalami a Afirka ta Kudu. Direbobin nan suna ɗaukar bidiyo don su koma gida su duba inda suka taka birki da wuri da inda suka shiga kwana ba daidai ba. Masu shirya irin waɗannan ranaku kuma suna da tsauri a kan ɗaurin kyamara, da yawansu ba za su bar ka ka shiga ba sai sun ga an yi mata ɗauri biyu.

Mu a Zamfara ba mu da irin wannan fili. Abin da ya fi kusa da shi a yankinmu shi ne gangamin motoci na bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi, irin wanda aka yi a watan Maris na 2020, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantar hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci. Amma muna da namu abubuwan ɗauka: tafiya daga Gusau zuwa Bungudu ta hanyar Sakkwato, ko zuwa Tsafe ta hanyar Funtuwa, koyon tuƙi a fili, tallar mota ga mai sayarwa, hawan Sallah, da kuma ajiye shaida idan tsautsayi ya gitta. Dokokin ɗaurin da 'yan tsere suka koya a can sun fi zama dole a nan, saboda ramukan hanyarmu, zafinmu da ƙurarmu.

Fara da wannan tambayar: me kake son ɗauka?

Idan shaida kake nema, wato ka san wanda ya shigo maka hannu ko ya goge ka, to dashkam ya kamata ka saya, irin na 70mai ko Viofo. Ita tana kunna kanta da zarar ka tayar da mota, tana share tsohon bidiyo ta ɗora sabo idan memori ya cika, kuma tana kulle fayil idan ta ji an yi karo. Ka nemi wadda ke amfani da kafasita maimakon batir, don ta fi jure zafin gilashi.

Idan kuwa bidiyo mai kyau kake so na TikTok ko YouTube, ko kana son kyamarar da yau tana mota gobe tana kan doki, to kyamarar motsi ce taka.

Wayarka fa? Tana iya yin aikin a cikin mota idan maƙalin mai ƙarfi ne, amma ka yi hattara da babur. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone cewa girgizar injin manyan babura na iya lalata 'yan na'urorin da ke daidaita idon kyamarar waya. Wayoyi da yawa na Android ma irin wannan ƙirar ce da su. Kada ka jefa wayar da kake sana'a da ita cikin haɗari saboda bidiyon minti biyu.

Abubuwa biyar da za ka duba kafin ka biya kuɗi

1. Kashe girgiza. Wannan shi ne na farko. GoPro na kiran nasa HyperSmooth, ya fara da HERO7 Black a 2018. DJI na kiran nasa RockSteady, tun daga Osmo Action ta farko a 2019. Yadda yake aiki shi ne, akwai na'urar jin motsi a cikin kyamarar, sai manhajar ta riƙa yanke gefen hoton tana gusar da shi don ya soke girgizar. Kada ka yarda da rubutun kwali. Ka ce mai shago ya kunna ta, ka yi tafiya da ita a hannu, ka kalli bidiyon a babban sikirin.

2. 4K na gaskiya. Akwai ƙananan kyamarori marasa suna da ake rubuta wa 4K, alhali ƙaramin hoto suke ɗauka su buɗe shi, kamar yadda za ka ja hoton fasfo ya cika allo. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki lambar wata mota daga nesa kaɗan, ka tsayar da bidiyon ka zuƙo shi. Idan lambar ta narke, ka ajiye musu kayansu. 1080p mai tsabta ya fi 4K na ƙarya.

3. Yawan firem. Firem shi ne adadin hotunan da kyamara ke ɗauka a daƙiƙa guda. Don abin da ke gudu, ka tabbatar tana yin 50 ko 60, aƙalla a 1080p.

4. Batir mai fita, da ɗauka yayin caji. Ka tabbatar ana iya cire batirin a sa wani, kuma tana ci gaba da ɗauka idan an jona ta da wutar mota.

5. Samuwar kayan ɗauri. Yawancin maƙalai a kasuwa an yi su ne da tsarin yatsu biyu na GoPro. Kyamarar da ba ta shiga wannan tsari za ta wahalar da kai.

Idan kana son ganin gudunka a jikin bidiyo, ka lura da batun GPS. GoPro ta cire shi a HERO12 Black ta 2023, ta maido shi a HERO13 Black ta 2024, kuma HERO11 Black ta 2022 tana da shi. Ita kuwa DJI Osmo Action 4 sai ka haɗa ta da rimot ɗinta mai GPS. Kyamarori masu ɗaukar kowane ɓangare, irin Insta360 X3 da X4, suna ba ka damar zaɓar kusurwa bayan ka gama ɗauka, sai dai idanunsu biyu a waje suke kamar na kwaɗo, tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓata su, kuma fayilolinsu na da nauyi a waya.

Shawarata a kan kuɗi: kada ka zuba duk abin da ke aljihunka a kan kyamarar. Ka ware kaso mai kauri na maƙali, memori da batir na biyu. Tsohon samfuri na hannu mai lafiya, da kayan ɗauri na kirki, ya fi sabon samfuri da aka rataya da maƙalin roba mai taushi. Idan ta hannu za ka saya, ka duba idonta a hasken rana ko akwai karce, ka duba batirin bai kumbura ba, sannan ka bar ta tana ɗauka minti 20 a gabanka ka ga ko za ta mutu.

Memori: inda na fara yin asara

Na taɓa sayen memori mai rubutun gigabait 128 a kan kuɗin da ya kamata ya sa ni zargi. Na ɗauki tafiya guda cur zuwa Bungudu da dawowa. Da na zo gida, fayilolin farko suka buɗe, sauran kuwa sunansu kawai ke nan. Ashe ƙaramin memori ne aka yi wa dabara yake nuna wa kyamara babban adadi.

Ga lissafin da ya kamata ka iya da kanka. Manyan kyamarori kan rubuta kusan megabit 100 a daƙiƙa idan suna ɗaukar 4K. Raba shi da 8, ya zama megabait 12.5 a daƙiƙa. A minti guda megabait 750 ke nan, a awa guda gigabait 45. Ka ga memori mai 64 ba zai wuce awa ɗaya da minti 25 ba. Sannan ka nemi alamar V30 ko U3 a jikinsa, ma'ana ba ya yin ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa wajen rubutu. Memori mai jinkiri shi ke sa kyamara ta tsaya da ɗauka ba gaira ba dalili.

Da zarar ka sayi sabo, sa shi a kwamfuta ka gwada shi da ƙaramar manhajar H2testw ta Windows. Za ta cika shi taf da bayanai, ta karanta su, ta gaya maka girmansa na gaskiya. Bayan nan ka yi masa fomat a cikin kyamarar kanta.

Ɗauri: inda na yi babbar asara

Kyamarata ta farko na maƙala ta ne a jikin ƙofar mota ta waje, da maƙalin tsotso mai baki ɗaya. Lokacin hunturu ne, na goge wurin da tafin hannu kawai, na danna ya kama, na ja na ji ƙam. Ba mu kai Kwatarkwashi ba muka faɗa wani rami, na duba madubi na ga abin baƙi yana gangarawa a kwalta, tirelar da ke bayanmu ta bi ta kai. Abin da ya hana ni barci a daren ba kuɗin ba ne kaɗai. Tunanin da na riƙa yi shi ne, da mai babur ne a bayanmu da goyon yara fa?

Mu yi lissafi. Irin wannan kyamara nauyinta kusan giram 150 ne. A gudun kilomita 100 a awa, tana tafiyar kusan mita 28 a daƙiƙa. Idan ta tsinke ta daki abin da ke tsaye a gefen hanya, ƙarfin dukan ya yi daidai da a saki dutse mai kilo ɗaya daga tsayin kusan mita shida. Haka kuma idan tana cikin mota aka yi karo, motar za ta tsaya amma ita za ta ci gaba da tafiya har sai ta samu abin da ya tare ta. Wani abin kuma, iskar da ke tura kyamarar da ke waje ba ninki biyu take ƙaruwa ba idan ka ninka gudu, ninki huɗu take yi. Maƙalin da ya zauna lafiya a 50 cikin gari, a 100 yana ɗauke da nauyin iska huɗu.

Maƙalai iri uku ne:

*Maƙalin tsotso.* Yana kamawa ne saboda an fitar da iskar da ke ƙarƙashin robar. Ƙwayar ƙura ɗaya a bakin robar ta isa ta buɗe wa iska hanya, zafi kuma yana sa robar ta yi laushi. Ya fi dacewa da gilashi ta ciki. Wanke wurin, goge da sifirit, bari ya bushe, sannan ka danna. Ka cire ka sake dannawa kafin kowace tafiya. Idan dole sai waje, ka nemi mai baki biyu ko uku.

*Maƙalin gam.* Shi ne mai jan lanƙwami a ƙasa, irin gam ɗin 3M VHB. Ya fi na tsotso riƙo, amma yana son haƙuri. Goge da sifirit, danna shi da ƙarfi na kusan minti guda, sannan ka bar shi awa 24 kafin ka ɗora masa kyamara. Ba ya kama dashbod mai gurza-gurza ko wanda aka shafa wa man ƙyalli. Idan ka ɓamɓare shi, kada ka sake amfani da shi.

*Maƙalin matsewa.* Wannan yana cafke ƙarfe ne da ƙusa. 'Yan tsere na matse shi a kejin ƙarfen da ke cikin motocinsu. Mu kuma muna da ƙarafa biyun nan da ke riƙe matashin kai na kujera. A ganina wannan ne wuri mafi aminci ga mai farawa.

Kowanne ka zaɓa, akwai dokoki biyu. Ta farko, igiyar ko-ta-kwana: ka ɗaure kyamarar kanta, ba maƙalin ba, da siririyar waya ko igiyar nailan mai ƙarfi, zuwa wani abu daban da ba zai cire ba, kamar gindin madubi ko mariƙin sama na ƙofa. Ka gajarta ta yadda ko kyamarar ta faɗo ba za ta kai fuskar kowa ba, kuma ba za ta gangara ƙarƙashin birki ba. Ta biyu, gajeren hannu: duk gaɓar da ka ƙara tsakanin maƙali da kyamara, ƙarin rawa ce. Idon irin waɗannan kyamarori yana karanta hoto ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa, don haka idan ana girgiza shi da sauri sai ka ga bidiyon yana malƙwaya kamar an zuba masa ruwa. Wannan malƙwayar babu manhajar da ke gyara ta sosai. Maganinta a ɗauri yake.

Ina za ka ɗaura ta?

Bayan madubin tsakiya, ta ɓangaren fasinja. Tunda sitiyarinmu a hagu yake, ka karkatar da ita dama kaɗan yadda madubin zai ɓoye ta daga idon direba. Ka saita ta kwalta ta ci fiye da rabin hoton, sama ta ci ragowar. Idan dashbod na haskawa a gilashi, shimfiɗa masa baƙin ƙyalle.

Tsakanin kujerun gaba, a ƙarfen matashin kai. Daga nan ana ganin hannun direba, sitiyari da hanya gaba ɗaya. Mai koyon tuƙi zai amfana da wannan kusurwa, don zai ga yadda yake riƙe sitiyari da lokacin da yake duba madubi.

A waje, ƙasa-ƙasa kusa da taya ko a bamba. Wannan ne ke sa gudu ya fito a bidiyo, domin kwalta na kusa da ido, har gudun 40 ya yi kama da na 80. Amma a killataccen fili kaɗai nake ba da shawarar yin sa, ba a titin da jama'a ke bi ba.

Wuraren da ba a taɓawa: kan murfin jakar iska, wato tsakiyar sitiyari da gaban fasinja, da ginshiƙan gefen gilashi idan akwai jakar iska a cikinsu. Kada ka ratsa kebul ta gabanta. Kada kuma ka huda hular kwano don ɗaura kyamara.

Saitin da nake amfani da shi

Girman hoto: 4K idan zan yanke shi tsaye don TikTok ko sitatus, 1080p idan doguwar tafiya ce. Na biyun ya fi sauƙi ga batir, memori da zafi.

Firem: 50. Wutar lantarkinmu a Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ka shiga saiti ka mayar da hana ƙyaftawa zuwa 50Hz, sai firem ɗin su koma 25 da 50. In ba haka ba fitilun shaguna da na gidan mai za su riƙa ƙyafta ido a bidiyonka.

Faɗin kallo: mafi faɗin yana lanƙwasa gefen hoto, yana kuma nisanta motar da ke gabanka. Don kallon hanya ka zaɓi miƙaƙƙen, don cikin mota ka zaɓi mai faɗi.

Haske: cikin mota duhu ne, waje kuma rana ce, sai kyamara ta rikice ta mayar da gilashin fari fat. Danna yatsa ka riƙe a kan hanyar da ke sikirin don ka kulle hasken a can, ko ka rage EV zuwa -0.5.

Kashe girgiza: idan ana ganin cikin mota a hoton, wani lokaci yakan sa dashbod ya riƙa lilo a kwana, domin kyamarar na ƙoƙarin soke juyawar motar. Gwada shi a kunne, gwada a matakin ƙasa, ka zaɓi wanda ya fi.

Sauti: iska ita ce ke ɓata shi. Rufe gilashi, ko ka lulluɓe ramin makirfon da ɗan soso. Kana iya ajiye tsohuwar waya a aljihun bayan kujera tana naɗar sauti, ka tafa hannu sau ɗaya a farko, da wannan tafin za ka daidaita su a CapCut.

Idan bidiyon na sarƙewa a wayarka, duba ko kyamarar na da zaɓin H.264 maimakon H.265, don tsofaffin wayoyi sun fi iya buɗe na farkon.

Zafi da ƙura

Daga Maris zuwa Mayu zafin Gusau kan kai digiri 40, bayan gilashin mota kuma ya fi haka nesa. An ƙera kyamarar motsi ne da tunanin iska za ta riƙa kaɗa ta, to a cikin mota babu wannan iskar, sai ta yi zafi ta kashe kanta. Abin yi: sauko daga 4K, kashe Wi-Fi da sikirin na gaba, karkato mata iskar AC, kuma a yawancin samfura kana iya cire batirin ka jona ta kai tsaye da cajar mota ko fawa bank, zafin zai ragu. Idan ka faka a rana, cire ta ka tafi da ita. Batirin da ya kumbura kuwa ya gama aiki, kada ka sake cusa shi.

Da hunturu, kada ka goge idonta da gefen riga, ƙurar za ta karce shi. Hure ta tukuna, sannan ka goge da ƙyallen tabarau.

Sa gudu da taswira a jikin bidiyo

Manhajoji irin RaceChrono da TrackAddict suna naɗar gudu da hanya da GPS ɗin waya, daga baya a ɗora su a kan bidiyo. GPS ɗin yawancin wayoyi sau ɗaya yake sabuntawa a daƙiƙa, don haka lambar kan ɗan makara. Mai son ganin juyin inji zai iya sayen 'yar na'urar ELM327 mai Bluetooth ya soka a ramin OBD-II da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, kuma da shi makanikai ke duba mota da kwamfuta. Amma ka tuna wannan lambar shaida ce a kanka. Dokar hanya ta Najeriya ta ba motar gida 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya.

Inda ake kashe kyamara

Wannan sashen ya fi duk na sama muhimmanci. Duk wanda ke bin hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa, ko ta Bungudu zuwa Maru, ya san halin da ake ciki na 'yan bindiga.

Kada ka ɗauki shingen bincike, ko motocin jami'an tsaro, ko sansaninsu. Tun kafin ku iso, wanda ke gefenka ya kashe ta ya sauke ta. Bayan matsalar da za ka jawo wa kanka, bidiyon da ke nuna inda jami'ai suke da yawansu yana iya faɗawa hannun da bai kamata ba.

Kada ka tsaya a daji don gyara kyamara ko ɗaukar dutse. Idan ta karkace, ta zauna a karkace har ku shiga gari.

Kada ka watsa tafiya kai tsaye, kada ka ɗora bidiyo kana kan hanya. Ka bari ka isa gida. Ka yanke farkon da ƙarshen da ke nuna ƙofar gidanku, ka dusashe lambobin mota da fuskokin mutanen da ba su ba ka izini ba, musamman mata da yara. Ainihin fayil ɗin da aka ɗauka da GPS a kunne yana ɗauke da duk hanyar da ka bi, don haka kada ka tura shi haka ga wanda ba ka sani ba.

Ka gama komai na intanet tun a gida. Wasu kyamarori, kamar na DJI, sai an yi musu rajista ta manhajar waya kafin su saki jiki. Waɗanda suka ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 sun san ba a dogara da sabis.

Direba ba ya taɓa kyamara. A kunna ta kafin a tashi, a kashe bayan an tsaya. Idan kuma aka yi haɗari, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra FRSC ita ce 122.

Sai batun wasan mota da ake yi a titi lokacin biki ko bayan Sallah. Kyamara tana da wani hali: da ta kunna, ƙafa kan ƙara nauyi a kan totur. Mutanen can da muke kallo suna juya mota a YouTube suna yi ne a filin da aka rufe, da hular kwano, da motar asibiti a gefe. A titin unguwa kuwa akwai yara, akwai masu talla, akwai tsofaffi. Idan motsi kake so a bidiyonka, sauke kyamarar kusa da ƙasa a fili mara jama'a, ka yi tafiyar 30, za ka sha mamakin yadda zai fito.

Duba waɗannan kafin ka tashi

1. An kwashe tsoffin fayiloli, an yi wa memori fomat.
2. Batir cike, kebul bai ratsa ta sitiyari ko giya ba.
3. An goge idon kyamara da gilashi.
4. An matse kowace ƙusa, an girgiza maƙalin da hannu.
5. Igiyar ko-ta-kwana na ɗaure.
6. An ɗauki gwajin daƙiƙa 10 an kalla.

Aikin gida: kafin ka kai kyamararka babbar hanya, ɗaura ta a ƙarfen matashin kujera, ka zaga unguwarku a hankali na minti biyar, ka bi ta kan tudun rage gudu guda biyu. Sake yin haka da ita a bayan madubi. Kalli bidiyon biyu a jere, za ka gane da idonka wane ɗauri ne ya dace da motarka.

A darasi na gaba insha Allahu za mu duba yadda ake tace wannan bidiyo a waya, a rage masa nauyi ba tare da ya dusashe ba. Allah Ya kai mu lafiya, Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.